Gyara Kan Batun Malaman Coci da Mulki a Turai: Labarin Kadinal Richelieu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi gyara a kan wata magana da ta fito a shafin ra'ayi makonni biyu da suka wuce, inda marubucin ya ce abin da ya ɗaukaka Turawa shi ne tun fil azal ba su taɓa barin malaman addininsu su kusanci mulki ba. Na koyar da tarihi a makarantun sakandare na jihar nan har na yi ritaya, kuma da aka karanta wannan sharhi a majalisar da muke zama bayan la'asar na ga yadda mutane masu hankali suka karɓe shi hannu bibbiyu, saboda an rubuta shi da lafazi mai daɗi. Ban shigo domin in goyi bayan wani ɓangare a muhawarar malamai da siyasa da ake yi a ƙasar nan ba. Abin da ya dame ni shi ne an kafa hujja a kan tarihin da bai faru ba.

Daga shekarar 1624 zuwa 1661, wato shekara 37 ba tare da yankewa ba, ragamar gwamnatin Faransa tana hannun kadinal biyu ne, ɗaya bayan ɗaya, Richelieu sannan Mazarin. Kadinal, ga wanda bai sani ba, babban malamin cocin Katolika ne wanda babu kowa a samansa sai Paparoma, su ne masu jajayen riguna, kuma su ne ke zaɓen sabon Paparoma idan kujerar ta zama babu kowa. Bayan waɗannan biyu, wani kadinal mai suna Fleury ya sake riƙe Faransa daga 1726 har ya mutu a 1743 yana dab da shekara 90. A Ingila, Kadinal Wolsey ne ya tafiyar da al'amuran Sarki Henri na 8 daga 1515 zuwa 1529. A Sifaniya, Kadinal Cisneros ya yi riƙon sarautar Kastila har sau biyu, kuma shi ne mutumin da ya tilasta wa Musulmin Garnaɗa shiga Kiristanci, ya sa aka tara littattafan Larabci a dandali aka cinna musu wuta. Dokar da ta raba coci da gwamnati a Faransa kuwa, wadda nake zaton ita ce ke zuciyar marubucinmu, a 1905 aka yi ta, lokacin Turawan Ingila sun riga sun shigo Katsina da shekara biyu.

Zan tsaya a kan Richelieu, wanda sunansa ke fita a bakinmu kamar Rishaliyo, domin labarinsa ya fi na sauran nuna abin da ke faruwa idan malami ya shiga fada ya zauna. An haife shi a 1585, sunan yankansa Armand du Plessis, ɗan gidan ƙananan masu sarauta. Da farko aikin soja aka shirya shi ya yi. Amma danginsa suna da wata kujera ta bishop a wani ƙaramin gari mai suna Luçon, wadda sarki ya ba su tukuici, kuma da kuɗin shigarta suke rufa wa kansu asiri. Yayansa da aka tanadar wa kujerar ya ƙi ta, ya tafi ya shiga gidan masu zuhudu, don haka aka juyo kan Armand kada abincin gida ya suɓuce. Ya ajiye takobi ya kama karatun tauhidin Kirista, ya tafi Roma, aka naɗa shi bishop a 1607 yana da shekara 21, bayan Paparoma ya yi masa rangwame domin shekarunsa ba su kai abin da dokar coci ta gindaya ba. Ina so mai karatu ya lura da wannan mafari, domin yana nuna cewa a Faransa ta wancan zamani muƙamin addini kadara ce da sarki ke rabawa. Tun yarjejeniyar 1516 tsakanin sarkin Faransa da Paparoma, sarki ne ke zaɓen wanda zai zama bishop, Paparoma sai dai ya sa albarka.

Sarakunan Turai suna da dalilai masu ƙarfi na son ɗora mulkinsu a kan irin waɗannan mutane, kuma dalilan ba baƙi ba ne ga duk wanda ya san tsarin fadar ƙasar Hausa. Na ɗaya, su ne masu ilimi, su ne suka iya Latin da shari'a da rubuta wasiƙar sulhu. Na biyu, ba sai sarki ya taɓa baitulmali ya biya su ba, ya isa ya ba su kujerun coci masu gonaki da kuɗin shiga su ci. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, limamin Katolika ba ya aure, ba shi da ɗan halal da zai gadar wa muƙami, kuma ko ya kai ƙarfin da ya kai ba zai taɓa ɗora wa kansa kambun sarauta ba. Wannan shi ne lissafin da ya sa sarakunanmu na dā suka fi sakin jiki da bayin sarki da babanni a kan 'yan'uwansu na jini, har muƙamai irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama a Kano suka yi nauyin da wani ɗan sarki bai yi ba. Sarki yana tsoron ƙanensa, amma ba ya tsoron wanda ba shi da gadon sarauta. Luwi na 13, sarkin Faransa na zamanin Richelieu, yana da ƙane mai suna Gaston wanda kusan duk wata maƙarƙashiya ta zamanin da hannunsa a ciki, saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya ga kwanciyar hankalinsa a wajen mai jar riga.

Richelieu ya hau ne ta hannun mahaifiyar sarki, Mariya ta gidan Medici, wadda ta riƙe mulki lokacin da ɗanta yake yaro. Ya yi fice a babban taron wakilan ƙasa na 1614 inda ya yi magana da yawun malaman coci, ya samu muƙamin sakatare a 1616, aka kore shi a 1617 da aka kashe ubangidansa na fada, ya yi zaman gudun hijira a Avignon, sannan ya dawo a matsayin mai sasanta uwa da ɗa. Ita ce ta matsa har ya zama kadinal a 1622, ita ce kuma ta matsa har sarki, wanda da farko ba ya ƙaunar ganinsa, ya shigar da shi majalisa a 1624. Cikin 'yan watanni ya zama abin da mu za mu kira waziri, kuma bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi.

Aikinsa na farko da ya shahara zai yi wa wanda ke neman malami mai kishin addini daɗi. Furotestan Faransa, wato Kiristocin da suka ɓalle daga cocin Katolika, suna da garuruwa masu ganuwa da sojojinsu na kansu tun dokar Nantes ta 1598, babban cikinsu shi ne La Rochelle a bakin teku. A 1627 Richelieu ya je da kansa ya jagoranci yi wa garin ƙawanya, ya sa aka gina shinge mai tsawon kusan mita 1,400 a mashigar teku domin jiragen Ingila su kasa kawo abinci. Bayan wata 14 garin ya miƙa wuya a 1628, kuma daga mutane wajen 27,000 waɗanda suka rage da rai ba su wuce 5,000 ba, yunwa ta cinye sauran. To, amma abin da ya biyo baya shi ne abin lura. A sulhun Alès na 1629 ya rushe ganuwoyinsu, ya karɓe makamansu, sannan ya bar musu majami'unsu da ibadarsu. Masu tsananin ra'ayi a cocinsa sun so ya gama da su gaba ɗaya, ya ƙi. Abin da ya tsone masa ido shi ne mutum ya mallaki ganuwa da igwa ba da izinin sarki ba. Yadda mutum ke bauta kuwa, ya bar wa masu wa'azi su yi ta fama da shi.

Haka ya yi wa manyan masu sarauta, waɗanda Katolika ne 'yan'uwansa. A 1626 aka ba da umarnin rushe gidajen yaƙi na hakimai da ba a kan iyaka suke ba. An haramta faɗan takobi na kare mutunci da 'ya'yan manya suka mayar abin ado, kuma da wani ɗan babban gida mai suna Bouteville ya yi irin wannan faɗa da rana tsaka a dandalin Paris domin ya gwada dokar, aka fille masa kai a 1627 duk da ceton da manya suka yi ta nema. A 1632 aka fille kan Montmorency, gwamnan Languedoc, wanda gidansu na cikin mafi daɗewa a ƙasar, saboda ya ɗaga tutar tawaye tare da Gaston. Gaston kansa, da yake jinin sarauta ne, kullum yakan tsira ya bar abokansa a hannun hauni.

Inda nake so in daɗe shi ne abin da ya faru a watan Nuwamba na 1630, domin a nan ne aka fayyace wa wa kadinal yake yi wa aiki. A fadar akwai ɓangaren masu ibada, jagoransu Michel de Marillac mai riƙe da hatimin sarki, kuma mahaifiyar sarki tana bayansu. Ra'ayinsu shi ne Faransa ƙasar Katolika ce, Sifaniya da Ostiriya ƙasashen Katolika ne, saboda haka a zauna lafiya da su, a sauƙaƙa wa talakawa haraji, a fuskanci bidi'ar Furotesta a cikin gida. Richelieu, wanda ya fi su duka girman muƙamin addini, ya ce a'a. Shi abin da yake gani shi ne gidan sarautar Habsburg ya kewaye Faransa ta kudu da gabas da arewa, yana mulkin Sifaniya da Milan da ƙasar da yau ake kira Beljiyam, kuma idan aka bar shi ya gama haɗiye Jamus, Faransa za ta zama hakima a ƙarƙashinsa ko da coci ɗaya suke zuwa. Uwar sarki ta kulle kanta da ɗanta a fadarta ta Luxembourg domin ta sa ya kori kadinal. Richelieu ya samu wata ƙofa da aka manta ba a kulle ba, ya faɗo musu, ta zazzage masa zagi a gaban sarki, ya durƙusa yana kuka, sarki ya fita bai ce uffan ba ya tafi gidan farautarsa a Versailles. Fadawa suka ɗauka ta ƙare wa kadinal, suka yi ta tururuwa suna taya uwar sarki da Marillac murna. Da yamma sai sarki ya aika a kira Richelieu, ya tabbatar masa da muƙaminsa. Faransawa suna kiran wannan rana da sunan da ma'anarsa ita ce ranar waɗanda suka ruɗu. An kama Marillac ya mutu a tsare, an fille kan ɗan'uwansa wanda babban kwamandan soja ne a 1632, uwar sarki ta tsere daga ƙasar a 1631 kuma ba ta sake ganin ɗanta ba har ta mutu a Kolon ta Jamus a 1642. Wannan ita ce matar da ta ɗauko shi ta kai shi inda ya kai.

Wata biyu bayan wannan rana, a Janairun 1631, Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar Bärwalde da sarkin Suwidin, Gustavus Adolphus, wanda shi ne takobin Furotesta a Yaƙin Shekara 30 da ake gwabzawa a Jamus tsakanin Katolika da Furotesta. Faransa za ta riƙa biyansa livre (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 1 a shekara, shi kuma zai ajiye sojan ƙasa 30,000 da mahaya 6,000 a Jamus suna yaƙar sarkin daular Jamus, ɗan Katolika na gidan Habsburg. Gaskiya ne an sa sharaɗin cewa ba zai hana ibadar Katolika ba a inda ya tarar da ita, amma wannan bai canza ainihin lamarin ba, kadinal na cocin Roma ne ke ciyar da rundunar da ke ragargaza rundunar cocin Roma. Wanda ya fi taimaka masa wajen ƙulla irin waɗannan igiyoyi ma wani mai zuhudu ne, Fada Joseph, mai yawo da toka-tokar riga. A 1635 Faransa ta shiga yaƙin da kanta, ta shelanta yaƙi a kan Sifaniya tana ƙawance da Holan ta Furotesta. Ba na cewa Richelieu munafuki ne. Ya gyara al'amuran cocinsa a Luçon da gaske, ya rubuta littattafan koyar da addini da na raddi ga Furotesta, kuma babu alamar cewa ya daina gaskata abin da yake karantarwa. Abin da ya yi shi ne ya shawo kan zuciyarsa cewa Allah ne ya naɗa sarkin Faransa, don haka duk abin da ya ƙarfafa sarkin Faransa ibada ne. Da irin wannan fatawa babu abin da ba za a halatta ba.

Kuɗin wannan siyasa daga aljihun talaka ya fito. Babban harajin ƙasar a kan manoma yake, masu sarauta da malaman coci ba sa biyansa, kuma yaƙi ya sa aka yi ta ƙara shi. Domin a tabbatar an karɓo, Richelieu ya faɗaɗa amfani da wakilan sarki da ake turawa larduna daga Paris, waɗanda ba su gaji muƙami ba, ba su saya ba, kuma ana iya tuɓe su da takarda ɗaya, abin da ya rage ƙarfin gwamnoni 'yan gado. Manoman kudu maso yamma sun yi bore a 1636 da 1637. A 1639 masu dafa gishiri na Normandi, waɗanda aka yi wa laƙabi da marasa takalmi, suka tashi da suka ji za a ɗora musu harajin gishiri, aka tura soja aka murƙushe su, aka rataye na ratayewa. Ƙiyayyar jama'a duk ta tattaru a kan kadinal, sarki kuwa ana ce masa Luwi Mai Adalci. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma wannan ma yana cikin amfanin da waziri ke yi wa sarki. Shi kuwa kadinal bai fita hannu wofi ba. Ya tara dukiyar da aka ƙiyasta ta kai livre miliyan 20, ya gina fada a tsakiyar Paris wadda ya bar wa sarki, ya gina gari sukutum ya sa masa sunansa, ya aurar da 'yar 'yar'uwarsa ga jinin sarauta. Rashin ɗa bai hana shi gina gida ba, ya gina shi ta 'ya'yan 'yan'uwa. A gefe guda kuma shi ne ya kafa majalisar kula da harshen Faransanci a 1635 mai kujeru 40, wadda ke nan har yau, abin da mu masu kishin Hausa ya kamata ya ba mu sha'awa.

Idan ana son ganin abin da ke faruwa ranar da iyayen gida biyu suka saɓa, a dubi Wolsey. Ɗan mahauci ne daga Ipswich, ya kai inda babu wanda ya fi shi a Ingila in ban da sarki. Da Henri na 8 ya so a warware aurensa da Katarina ta Aragon, Paparoma ya ƙi, domin Katarina ƙanwar mahaifiyar sarkin Sifaniya Charles na 5 ce, wanda sojojinsa suka mamaye Roma a 1527. Wolsey ya rasa yadda zai faranta wa biyun rai, aka tuɓe shi a 1529, aka karɓe dukiyarsa, ya mutu a Leicester a 1530 a kan hanyar kai shi Landan fuskantar tuhumar cin amanar ƙasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma Wolsey ya ci ladan amma askin ya gagara. Richelieu ya tsira daga irin wannan ƙarshe ne saboda bai taɓa barin a yi shakkar wanda zai zaɓa ba.

Ba na so a ɗauki wannan labari a ɗora shi kai tsaye a kan ƙasarmu, domin Musulunci ba shi da coci mai matakan muƙami da filaye da Paparoma, kuma malaminmu yana aure yana haihuwa. Amma tambayar kusantar fada tsohuwa ce a wajenmu. Ɗan Masani da Ɗan Marina, waɗanda unguwanninsu da ƙaburburansu ke nan cikin birnin Katsina, a ƙarni ɗaya suka rayu da Richelieu, kuma sarakunan Katsina sun san nauyin maganarsu. Kafin su, Al-Maghili ya rubuta wa Muhammadu Rumfa na Kano nasiha kan yadda ake mulki, ya kama hanyarsa. Bayan su, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda shi ne wazirin Shehu, ya ga yadda son duniya ya fara shiga jama'a 'yan shekaru kaɗan da fara jihadi, ya bar komai ya nufi gabas, sai da Kanawa suka tsayar da shi ya karantar da su sannan ya koma. Wanda ya san waɗannan ya san cewa kalmar malaman fada ba yau aka ƙirƙiro ta ba, kuma ba yabo ba ce. Abin da tarihin Richelieu ya ƙara mini shi ne cewa malami zai iya shiga fada da ilimi da ƙwazo da imaninsa, ya yi nasarar da ba a taɓa yi ba, a wayi gari nasarar ta fada ce, addinin da ya ba shi rigar kuwa ya zama ɗaya daga cikin kayan aikin gwamnati.

A watan Satumba na 1642 aka fille kan Cinq-Mars a Lyon, saurayi ɗan shekara 22 wanda Richelieu da kansa ya kai shi kusa da sarki, bayan an kama takardar yarjejeniyar da ya ƙulla da Sifaniya a ɓoye. Kadinal ya mutu ranar 4 ga Disamba na wannan shekara, sarki ya bi shi bayan wata biyar. Magajinsa Mazarin, mutumin Italiya wanda ya zama kadinal ba tare da an taɓa naɗa shi limami ba, shi ya kammala aikin da sulhun Westphalia na 1648 da na Pyrenees na 1659, bayan ya tsallake tawayen da ya kore shi daga ƙasar har sau biyu. Da ya mutu a watan Maris na 1661, Luwi na 14 ya tara manyan ma'aikatansa ya shaida musu cewa daga yau shi zai riƙe mulki da kansa ba tare da waziri ba. Gwamnatin da ya gada, wadda ƙasashen Turai suka yi ta kwaikwayo, kadinal biyu ne suka gina masa ita. Idan marubucin shafin ra'ayi yana da wata hujja da ta saɓa wa waɗannan shekaru da sunaye, ina roƙon Malam Edita ya ba shi fili ya kawo ta, ni kuma zan karanta wa majalisarmu ita kamar yadda aka karanta mana ta farko.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin tarihi,
Masanawa, cikin birnin Katsina.